Neman shawara kan gyaran tsofaffin taragun fasinja na ƙaramin jirgin ƙasa

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ni sabon shiga ne a harkar ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, irin waɗanda ake shimfiɗa wa layin dogo a kan tebur ana tafiyar da su da lantarki. Aiki ne ya kawo ni wani gari a arewacin Ingila, kuma makonni uku da suka wuce na je kasuwar gwanjo da ke ci ranar Lahadi a wani fili a bayan gari, inda mutane ke zuwa da motocinsu su baje tsofaffin kayan gida. A can na tarar da wani dattijo da kwali ɗauke da taragun fasinja guda bakwai, na saye su gaba ɗaya domin ni da ɗana mu samu abin da za mu riƙa yi tare a ƙarshen mako.

Da na baje su a gida sai na ga ashe ba iri ɗaya ba ne. Biyu gajeru ne, an rubuta sunan kamfanin da ya ƙera su, Tri-ang, a ƙarƙashinsu, kuma sun lanƙwashe kamar baka har rufinsu ya ɗage daga jiki. Uku dogaye ne, su ma na Tri-ang, jikinsu a miƙe yake, sai dai wani ya taɓa shafe su da koren fenti mai kauri da buroshi har ya cike layukan ƙofofi. Ɗaya na Lima ne, ƙirar Italiya, kuma ya fi sauran ƙanƙanta a tsayi da faɗi duk da cewa yana zama daidai a kan layin. Na bakwai ba shi da sunan kamfani ko kaɗan, kuma ƙarfen da ke riƙe da ƙafafunsa ya tsattsage, yana marmashewa da zarar an taɓa shi.

Layina da kan jirgina sababbi ne, amma idan na jona dogayen taragun sai su riƙa ƙara kamar suna taka tsakuwa, kuma suna sauka daga layi duk lokacin da suka iso mararraba. Ƙugiyoyin jonawa biyu sun ɓace. Akwai kuma taga ɗaya da ta faɗo, na manna ta da sufa-gulu, washegari na tarar ta yi fari fat kamar an hura mata hazo. Ina roƙon ku nuna mini inda ya kamata in fara, da abin da zan cire fentin nan da shi, domin wani abokin aikina ya ce in jiƙa su a man birki. Ina kuma son sanin ko ruwan zafi zai miƙar da lanƙwasassun nan. Nan da shekara biyu, in Allah ya yarda, zan koma Katsina da su, don haka ina fargabar abin da zafin gida zai yi musu.

Dattijon Layi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana, barka da shigowa. Kafin ka buɗe gwangwanin komai, ka raba taragun nan kashi uku: waɗanda za a gyara su yi aiki, waɗanda za a ajiye yadda suke, da wanda za a ciri kayan gyara a jikinsa. Bakwai ka saya, amma a ganina uku ne za su zama jirginka.

Gajerun nan biyu kusan tabbas na farkon shekarun 1950 ne. A wancan lokaci ana zuba su ne da wata roba mai suna selulos asitet, wadda take motsewa tana lanƙwashewa idan ta tsufa, kafin a koma amfani da wani nau'in roba mai suna folistirin a tsakiyar shekarun, wanda shi ba ya yin haka. Ka kai hanci kusa da su. Idan ka ji ɗan warin tsami irin na binega, to robar ce take narkewa a hankali. Ruwan zafi zai iya tausasa su har su miƙe na ɗan lokaci, amma za su koma yadda suke domin robar ce kanta ta ragu, kuma sau da yawa garin neman gira akan rasa ido, jikin ya tsage ko tagogin su karkace. Ka wanke su da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu, ka ajiye su a wani kwali dabam inda iska ke shiga. Sun haura shekara sittin a duniya, kuma darajarsu tana cikin kasancewarsu yadda suke.

Na Lima da ya fi sauran ƙanƙanta ba shi da wata illa, ma'auninsa ne dabam. A Birtaniya an fi amfani da ma'aunin OO, wato kashi 1 cikin 76 na jirgin gaske, milimita 4 a madadin kowace ƙafa ɗaya ta awon Turawa. Sauran ƙasashen Turai da Amurka kuwa sun fi amfani da HO, kashi 1 cikin 87. Dukansu biyu suna tafiya a kan layi mai faɗin milimita 16.5, shi ya sa ka ga ya zauna daidai. A shekarun 1970 Lima ta fara yin jiragen Birtaniya a ma'aunin HO kafin ta koma OO, kuma naka yana cikin na farkon. Zai yi tafiya, amma idan ka jera shi da sauran ido ba zai yarda da shi ba. Na bakwai kuma ciwonsa ba ya jin magani. Ƙarfen gamin tutiya ne, kuma idan darma ta gurɓata shi tun lokacin zubi, bayan shekaru sai ya kumbura ya tsattsage daga ciki, damshi kuma yana ƙara hanzarta abin. Gam ba ya tsayar da shi. Ka cire rufinsa da kujerunsa da ƙugiyoyinsa ka adana, wataƙila ma a nan za ka samu madadin biyun da suka ɓace.

Dogayen nan uku su ne dukiyarka. Kwaikwayo ne na taragun da ake kira Mark 1, waɗanda hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta fara ƙerawa a 1951, kuma Tri-ang ta fito da su da cikakken tsayi, kusan santimita 26, a farkon shekarun 1960. A kansu shawarata ita ce ka fara daga ƙasa, ka bar maganar fenti sai taragon ya zagaya layinka sau ashirin bai sauka ba. Na ga mutane da yawa sun ɓata makonni suna fenti, daga baya suka zo cire ƙafafu suka kankare aikin da yatsunsu.

Ƙarar da kake ji daga leɓen ƙafafun take fitowa. Tsofaffin ƙafafu suna da leɓe mai zurfi da kauri domin an yi su ne don layin zamaninsu mai tsayin ƙarfe, layin yanzu kuwa ya fi siranta. Ka duba kwalin layinka: lamba 100 tana nufin tsayin ƙarfen milimita 2.5, lamba 75 kuma kusan milimita 1.9, kuma a kan na biyun tsohon leɓe yana dukan 'yan ƙusoshin da ke riƙe da ƙarfen. Saukar da suke yi a mararraba kuma tana da alaƙa da tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan 'yar'uwarta a sanda ɗaya. Layin zamani yana son kusan milimita 14.5, tsofaffin kuwa sun fi haka matsewa, sai su hau kan ƙarfen da ke yi musu jagora. Ana sayar da ɗan ma'aunin tagulla na wannan tazara a shagunan ƙananan jirage, kuma ya kamata ya zama abu na farko da za ka saya.

Maganin shi ne sababbin ƙafafun ƙarfe masu faɗin da'ira milimita 14 a kan sanda mai tsini a kai biyu, tsawon milimita 26. Ka tabbatar an raba ƙafafun da roba aƙalla a gefe ɗaya, domin in ba haka ba sandar za ta haɗe wutar layin dama da ta hagu, komai ya tsaya. Ka ɗan buɗa bogin da yatsa, wato ƙaramin keken nan mai ƙafa huɗu da ke juyawa a ƙarƙashin kowane ƙarshen tarago, ka zare tsohuwar sanda ka sa sabuwa. Idan ramukan da tsinin sandar ke shiga sun sude har sandar tana rawa, sai a huda su da hannu da bakin huji na milimita 2, a dasa 'yan kofunan tagulla da aka yi don wannan aiki. Kada ka sa man inji. Ka goga bakin fensir a cikin ramin, ya wadatar. Daga nan ka ɗora taragon a kan gilashi ka ga ko ƙafafun takwas duk sun taɓa, ka kuma tabbatar bogin yana juyawa ba tare da cijewa ba. Idan lanƙwasar layinka ita ce wadda ake kira ta farko, mai milimita 371 daga tsakiyar da'ira zuwa layi, dogon tarago zai wahala. Ta biyu mai 438 ta fi dacewa da shi.

Malama Mai Fenti ta amsa:

Sannu da ƙoƙari, Malam. Na yarda da duk abin da Baba ya faɗa, musamman jinkirta fenti, sai dai ina so in ƙara cewa waɗannan taragun uku suna cikin mafi sauƙin fentawa da na sani, domin ba dunƙule ɗaya aka zuba su ba. Idan ka kwance sukurorin da ke ƙarƙashi, rufin zai ɗago, bangarorin biyu su zaro daban, kujeru su fito, tagogin ma su fito. Ka ɗauki hoton kowane mataki da wayarka, ka zuba sukurorin kowane tarago a murfin kwalba dabam, kuma ka ware tagogin nesa da duk wani ruwan cire fenti.

Game da man birki, gaskiya ne yana cin fenti, amma ba na ba da shawararsa, domin yakan shiga jikin roba ya busar da ita ta zama mai saurin karyewa, kuma wani lokaci ba a ganin illar sai bayan watanni. Abin da ya fi shi hatsari shi ne tina ta masu fentin mota da asiton, wato ruwan goge jan farce. Waɗannan suna narkar da folistirin nan take. Ni da sifirit mai ƙarfi nake farawa, wanda ake kira aisofurofil, in jiƙa bangon a cikin roba mai murfi na wasu awoyi, sannan in cuɗa da tsohon buroshin goge baki. Idan fentin na mai ne kuma ya shekara da shekaru, sifirit zai iya gazawa, sai a koma ga ruwan wanke murhu mai soda, wanda ba ya cin folistirin amma yana cin fata da ido, don haka dole ne safar hannu da tabarau, kuma ɗanka ya tsaya nesa a wannan rana. Ko da wanne za ka yi, ka fara ɗiga kaɗan a cikin bangon inda ido ba ya kaiwa, ka bar shi ya kwana. Layukan ƙofofi kuma da tsinken sakace ake bin su. Wuƙa tana barin tabon da fenti zai ƙara fito da shi.

Kafin ka zaɓi launi, ka san cewa a jiragen Birtaniya kowane launi yana da zamaninsa. Ja da ruwan madara shi ne na farko, daga 1949. Ja mai duhu ya maye gurbinsa daga 1956, kuma a lokacin ne yankin kudu ya koma kore, don haka mai yiwuwa wanda ya shafa koren nan abin da yake nufi ke nan. Shuɗi da toka-toka ya zo a tsakiyar shekarun 1960. Ka dubi kan jirginka ka zaɓi launin da suka yi zamani tare. Ga wanda bai taɓa yi ba, ja mai duhu ko kore ya fi sauƙi saboda launi ɗaya ne, ba sai an raba bango biyu da salatif ba.

Ka wanke bangon da sabulu ya bushe sarai, ka fesa fentin share fage mai launin toka siriri, wanda zai tona maka duk wani kurji da ya rage, sai ka bi shi da samfefa mafi laushi da ɗan ruwa. Launin kansa a fesa shi sau uku sirara, daga nesa kamar taƙi ɗaya, ana barin kowane ya bushe. Lambobi da haruffa da siraran layuka ana sayar da su a takardar da ake jiƙawa a ruwa a zame su a kan jiki, kuma sharaɗinsu shi ne a ɗora su a kan fenti mai sheƙi, domin a kan maras sheƙi iska tana maƙalewa a ƙarƙashinsu su yi fari-fari. Bayan sun bushe sai a rufe komai da banish mai ɗan dusashen ƙyalli. Ka lura da harafin da ke gaban lambar tarago, domin yanki yake nunawa: S na kudu, W na yamma, E na gabas, M na tsakiya. Koren tarago da S yake tafiya.

Tagar da ta yi fari ba ta lalace ba tukuna. Tururin sufa-gulu ne yake sauka a kan roba mai garai-garai ya bar wannan hazo, ya fi kama inda yatsa ya taɓa. Ka gwada goge ta da man goge baki fari da auduga, a hankali kana zagayawa. Sau da yawa tana dawowa, kuma haka ake yi wa ƙananan kurji. Idan ta ƙi, ka yanko madadinta daga faffaɗar roba mai haske irin ta kwalin kaya. Nan gaba da farin gam na kafintoci za ka riƙa manna taga, ɗigo kaɗan a bakin tsinke, domin idan ya bushe ba a ganinsa kuma ana iya ɓamɓare shi.

Makanikin Kaduna ya amsa:

Ranka ya daɗe Baba, da Malama, Allah ya ƙara basira. Ni zan taɓa tambayar ƙarshe, domin a Kaduna nake kuma shekaruna tara ina da ɗan layi a ɗakin baya. Folistirin yana jure zafin ɗaki na yau da kullum, ko a watan Afrilu. Abin da ba ya jurewa shi ne rana kai tsaye ta taga, da cikin motar da aka rufe da tsakar rana, da saman silin a ƙarƙashin kwano. A irin waɗannan wurare rufin tarago yana iya karkacewa a yini ɗaya. Gajerun nan biyu na asitet kuwa zafi da damshin damina za su ƙara musu sauri, don haka ka yi tunani ko ya fi ka bar su a hannun mai tara irinsu a can.

Babban abokin gabarmu a nan ƙurar hunturu ce. Tana sauka a kan layi ta hana wuta wucewa, tana kuma shiga ramin sanda, kuma idan ta tarar da mai a wurin sai su haɗu su zama kamar samfefa. Wannan ya ƙara ƙarfafa maganar Baba ta fensir. Ƙafafun ƙarfe ma sun fi na roba a nan, domin na roba suna jan ƙura suna tara baƙin datti su shafa wa layi. Ka tanadi akwatin roba mai murfi, ka naɗe kowane tarago a farar takarda mai laushi, kada ka yi amfani da jarida domin tawadarta tana kama fenti.

Inda na ɗan bambanta da Malama shi ne maganar cire fentin gaba ɗaya a kan ukun. Da ni ne, ɗaya zan fara yi, mafi muni a cikinsu, in kai shi har ƙarshe, sannan in taɓa sauran, domin hannun mutum a tarago na uku ba irin na farko ba ne. Akwai kuma batun nauyi da ba a ambata ba. Tarago maras nauyi yana saurin sauka idan an tura shi baya. Ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka tana ba da ƙa'idar oza ɗaya, a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawo, wanda a taragonka zai kai kusan giram 170. Ba dole ne ka kai haka ba idan kan jirginka ƙarami ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ukun su yi nauyi ɗaya, kuma a manna ƙarfen a ƙasa a tsakiya. Kafin ka taso, ka sayi ƙafafu da kofunan tagulla da ƙugiyoyi da takardun lambobi fiye da buƙatarka, domin ni duk abin da na rasa sai na jira mai zuwa daga waje. Fenti da sifirit da gam kuwa akwai su a nan.

Sabon Shiga ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, Malama, da yayana na Kaduna, Allah ya saka da alheri. Na shinshina gajerun, kuma lallai ɗaya yana warin tsami, na ware su. Layina mai lamba 100 ne. Na sayi ma'aunin da ƙafafu, na canza wa tarago ɗaya, kuma jiya da dare ni da yaron muka ƙirga zagaye talatin bai sauka ba, ƙarar ma ta ɗauke. Tagar ta dawo daidai bayan na goge ta da man goge baki, saura ɗan gefe kaɗan. Abin da ya rage mini shi ne ƙugiyoyi: na taragun manya ne masu faɗi, na kan jirgin kuma ƙarama ce siririya, kuma idan sun shiga lanƙwasa wani lokaci sukan rabu, ko kuma su cije har taragon ya ɗaga. Shin sai na canza duka shida?

Dattijon Layi ya amsa:

Madalla, ɗana. Ba sai ka canza duka ba. Tunda ukun tare za su riƙa tafiya, ka bar manyan ƙugiyoyin a tsakaninsu, ka cike gurbin biyun da suka ɓace da waɗanda ka ciro daga na bakwai idan sun yi daidai, sannan ka canza na ƙarshen gaba da na ƙarshen baya kawai. Tsohuwa da sabuwa tsarinsu ɗaya ne, ƙugiya tana faɗawa a kan sandar da ke gabanta, amma sai tsayinsu daga kan layi ya zo ɗaya. Ka ajiye taragon da kan jirgin a miƙaƙƙen layi, ka sunkuya ka dube su daga gefe. Idan sanda ɗaya ta hau kan ɗaya, ga dalilin cijewar. Sababbin kan jirgi suna da ɗan aljihun da ƙugiya ke shiga, mai suna NEM 362, kuma ana sayar da irin wannan aljihu a ware. Ka yanke tsohuwar ƙugiyar daga bogin, ka daidaita wurin da magagari, ka sa siraran yankan roba a ƙarƙashin aljihun har tsayin ya zo daidai, sannan ka ɗaure shi da ƙaramin sukuru maimakon gam kaɗai, domin nan ne duk nauyin jirgin yake rataya. Ka gwada shi gaba da baya a lanƙwasa mafi tsanani da ke layinka kafin ka taɓa ɗaya ƙarshen.